Rashin Jin Nauyi a Sararin Samaniya: Gyaran Wani Kuskure a Koyar da Kimiyya

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare a azuzuwan kimiyya, wato cewa 'yan sama-jannati suna shawagi cikin kumbo ne domin ƙarfin jan duniya bai kai can ba. Ɗalibin da aka koya wa haka ba zai iya bayyana abin da ke riƙe da wata a hanyarsa ba.

Asalin Jin Nauyi

Abin da jiki ke ji a matsayin nauyi shi ne tokarewar da ƙasa ko kujera ke yi masa. Alal misali, a sa dutse cikin guga a zura shi rijiya. Muddin igiya na riƙe, dutsen yana danne gindin gugan. Da zarar ta tsinke, sai su faɗa tare, dutsen kuma ya daina danne komai, alhali duniya ba ta fasa jan sa ba. Dalili shi ne, in babu iska, abu mai nauyi da sakayau da sauri ɗaya suke faɗuwa. David Scott ya nuna haka a kan wata a 1971, inda ya saki guduma da gashin tsuntsu suka dira tare.

Halin Kumbo

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, inda jan duniya yake kusan kashi 90 cikin ɗari na yadda yake a nan. Hasali ma faɗuwa take yi kamar gugan nan, tare da mutanen cikinta. Sai dai tana kuma gudu a gicciye, kimanin kilomita 28,000 a awa, saboda haka gwargwadon faɗuwarta, gwargwadon yadda doron duniya ke lanƙwashewa a ƙarƙashinta. Ta haka take kewaye duniya cikin kimanin minti 90 ba tare da ta dira ba.

Wannan hali yana taɓa jiki. Kunnen ciki, mai sanar da mutum sama da ƙasa, yakan rikice, shi ya sa Gherman Titov ya yi fama da tashin zuciya a 1961. Ƙasusuwan da suka daina ɗaukar jiki kuwa sukan zaizaye da kimanin kashi 1 cikin ɗari a wata.

Kammalawa

Don haka ya kamata malamai su bambance jan duniya da jin nauyi. Na farko yana nan daram a kumbo, na biyun ne ke gushewa.