Gizo ya shiga ajin lissafi: tatsuniya da ƙidaya a makarantun Damagaram

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dole ta birnin Damagaram ya ga irin wannan da idonsa. Yarinya ƴar shekara takwas, da farantin gyaɗa bisa kai, an miƙa mata dala ɗari, an ɗauki ƙulli uku na dala goma-goma, kafin mai saye ya rufe aljihu ta ƙirgo masa canjin dala saba'in ba kuskure. Washegari a lakwal, malam ya rubuta wannan lissafi a allo da Faransanci, 500 F a cire 50 F sau uku, sai yarinyar ta yi tsuru kamar ba ta taɓa riƙe kuɗi ba. Lissafin yana kanta tun daga gida. Abin da ya gagare ta shi ne harshen da aka yi tambayar da shi, da kuma lambobin da aka tsirara su, babu mai saye, babu mai sayarwa, babu labari.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Binciken PASEC na shekara ta 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma na Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar fiye da tara cikin goma na yaran da ke gama firamare ba su kai matakin da ake bukata a lissafi ba. Na 2019 ya nuna an samu ci gaba, amma mafi yawa suna ƙasa da matakin. Waɗannan yara kuwa su ne magadan shagunan ƴan kasuwa da teburan ma'aikata.

Ƙidaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan

Tun zamanin Sarki Tanimun, da ayarin fatake ke sauka a Zango daga Kano da Agadas da Tarabulus, ciniki da wuri ake yi, kuma keso guda wuri 20.000 ne. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa a 1851, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya ba da labarin yadda masu ƙirga ke jan wuri biyar-biyar suna tara shi tsibi-tsibi. Yau ma da biyar-biyar ake tafiya: dala ɗaya 5 F ce, jika ɗaya dala 200 ce, wato 1.000 F. Yaron da ke juya faran zuwa dala a ransa rabawa da biyar yake yi, ko da ba wanda ya gaya masa sunan aikin. Harshen kansa yana taimakawa. Mai cewa "gomiya tara" ya riga ya faɗi goma sau tara, mai cewa "ashirin ba ɗaya" ya riga ya yi ɗebewa.

A garin nan ne kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar a 1973, inda yara ke fara karatu da lissafi da Hausa, Faransanci yana shigowa sannu a hankali har ya karɓi ragama a manyan azuzuwa. Daga baya aka buɗe irinsu da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci, cibiyar INDRAP ta Yamai tana shirya littattafai. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna ɗalibansu suna gaban takwarorinsu na sauran makarantu, dokar ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a tsarin koyarwa, amma har ƙarshen shekarun 1990 makarantun ba su wuce ƴan gomiya ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka riƙe su shi ne ƙarancin abin karantawa bayan littafin aji.

Yadda tatsuniya ke aiki a aji

A nan ne adabin yara ke da amfani. A Amurka, tun da ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasar ta fitar da sabon tsarinta a 1989, wanda ya nemi yaro ya riƙa bayyana yadda ya yi tunani da bakinsa, koyar da lissafi da littattafan labarai ya bazu a makarantun firamare. Malamin Damagaram ba sai ya yi aro daga nesa ba, tun da Gizo da Ƙoƙi suna nan a bakin kowace kaka.

Ga misalin da kowane malami zai iya ƙirƙirowa. Ƙoƙi ta aiki Gizo kasuwa da jika guda. Ya sayo gero na dala 120, mai na dala 40, gishiri na dala 15, ya dawo yana rantsuwa cewa ko dala ba ta yi saura ba, alhali bakinsa na ƙyallin man tsire. Malam sai ya tsaya a nan, ya tambayi aji: gaskiya Gizo ya faɗa? Yaro ba ya son a yi masa wayo, don haka kowa zai duƙufa da tsakuwa ko ƙwallon dabino har a gano dala 25 da ta ɓata. Bayan an kama ɓarawo ne malam zai koma allo ya rubuta 600, 200, 75, a tara a samu 875, a cire daga 1.000 a samu 125 F. Cikin darasi guda an yi tarawa, an yi ɗebewa, an yi ninkawa da biyar, kuma lambobin allo sun zo bayan yaro ya riga ya fahimci abin da ake nema.

Ga manyan azuzuwa akwai tsohuwar wasa ƙwaƙwalwa da aka sani a ƙasashe da yawa na Afirka, har tana cikin wani littafin Latin na wajen shekara ta 800: mutum zai haye kogi da kura da akuya da damin harawa, jirginsa ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya ban da shi. In ya bar kura da akuya an yi asara, in ya bar akuya da harawa haka. Sai da hayewa bakwai ake fita lafiya, kuma sai wanda ya yarda ya komo da akuya baya sau ɗaya. Babu lamba a ciki, amma akwai tsara tunani daki-daki, wanda shi ne ƙashin bayan lissafi.

Sai dai a yi hattara. Tatsuniya ƙofa ce ta shiga, ba za ta ɗauke wa yaro haddar ninkawa da yawan gwaji a kan allo ba. Labarin da aka cusa wa lambobi da ƙarfi, wanda ko an cire su ba abin da zai canza, ɓata lokaci ne. Na kirki shi ne wanda ba a sanin ƙarshensa sai an yi lissafin. A ajin da yara suka yi yawa kuma, dole labarin ya zama gajere, a raba su rukuni-rukuni.

Saura littafi

Kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma doka ba ta buga littafi. Ɗan ƙaramin littafi mai shafi goma sha shida, da labari guda da zane da tambayoyi biyar a ƙarshe, bai fi ƙarfin ƙungiyar iyayen yara ba, balle attajiran Zango da Birni da suka saba gina masallatai da haƙa rijiyoyi. Tsofaffin malamai da ma'aikatan da suka yi ritaya suna da alƙalami, tsofaffin mata suna da tatsuniyoyi, makarantar horar da malamai tana cikin gari. Uban da ke rufe shago da magariba ma yana da nasa rabo: ya zaunar da ɗansa, ya ba shi labarin cinikin ranar, ya bar shi ya fitar da riba da kansa. Da ma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani.