Yadda Masoya Finafinan Sararin Samaniya Ke Ƙera Sulke da Hular Kwano a Gida

Lokacin da ake ɗaukar zangon farko na The Mandalorian, shirin Star Wars mai dogon zango da kamfanin Disney ya fara haskawa a shekarar 2019, masu shirin sun buƙaci sojoji masu farin sulke da yawa domin wata fitowa, sai suka tarar kayan da ke hannunsu ba za su isa ba. Maimakon su ƙera sababbi, sai suka aika wa wata ƙungiya ta 'yan kallo mai suna 501st Legion. Mutane suka zo, kowa da sulken da ya haɗa wa kansa a gida, aka jera su gaban kyamara tare da 'yan wasa, kuma da wuya mai kallo ya iya ware na kamfani daga na gida.

Wannan sha'awa ta ƙera kayan jaruman fim a sanya a jiki ita ce ake kira cosplay, kalmar da wani marubuci ɗan Japan, Nobuyuki Takahashi, ya ƙirƙira a farkon shekarun 1980. Al'adar kanta ta girmi sunan. A watan Yulin 1939, wurin taron farko na duniya na masoya labaran almarar kimiyya a birnin Niyok, Forrest J Ackerman da Myrtle R. Douglas sun bayyana cikin shigar mutanen zamanin gaba, wadda Douglas ta tsara ta kuma ɗinka da kanta bisa fim ɗin Things to Come na 1936. A wancan lokaci aikin na tela ne. A yau ya haɗa da zafafa roba, da zane a kwamfuta, da firintar 3D, da haɗa wayoyin lantarki.

Asalin farar hular

Mai son fahimtar wannan sana'a zai fi samun haske idan ya dubi yadda aka yi hular asali. A shekarar 1976 aka sassaƙa siffarta da yumɓu bisa zanen Ralph McQuarrie, sannan aka kai wa wani mai aikin roba a Landan, Andrew Ainsworth, domin ya fitar da su da yawa. Hanyar da ya bi mai sauƙin bayani ce: a zafafa fallen roba har ya yi laushi, a shimfiɗa shi a kan mazubi, a zuƙe iskar da ke tsakaninsu, sai robar ta manne ta ɗauki siffar mazubin. Da wannan dabara ake yin ƙananan robobin da ake zuba yogot da waɗanda ake rufe kayan lantarki da su a kanti.

Da yake da hannu aka sassaƙa ta, ɓangaren dama na hular bai yi daidai da na hagu ba. Robar da aka yi yawancinsu da ita ma ba ta riƙe fenti sosai, shi ya sa yake ɓanɓarewa. Abin dariya shi ne waɗannan kurakurai su ne masu ƙwaƙwa ke wahalar kwaikwayowa a yau. Hular da ta fito santal, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, a wurinsu ba ta yi ba.

Ƙungiyar 501st, wadda Albin Johnson ya kafa a jihar Karolina ta Kudu ta Amurka a shekarar 1997, tana da mambobi fiye da dubu goma a ƙasashe da dama. Tana da kundin ƙa'idoji ga kowace shiga, wanda ya fayyace launi da madauri da inda kowane yanki zai zauna, kuma sai an duba hotunan mutum sanye da kayansa kafin a karɓe shi. Yawancin mambobi suna sayen yankunan robar ABS da aka riga aka zuba, su yanke, su gyara gefuna, su manna, su daidaita da jikinsu. Ba sa karɓar kuɗin fitowa. Asibitocin yara suke zuwa da tarukan tara gudummawa.

Daga kwali zuwa robar silifa

Zuba roba yana buƙatar mazubi, kuma sassaƙa mazubi ya fi ƙarfin mai koyo. Hanya ta farko da ta buɗe wa talaka ƙofa ita ce wata manhaja ta Japan mai suna Pepakura Designer. Ana ba ta zanen abu mai jiki, ta warware shi zuwa ɗaruruwan ƙananan yankuna masu lamba, a buga a kwali mai kauri da firintar ofis, a yanke, a lanƙwasa, a manna lamba da lamba har hula ta tashi. Daga nan a shafa mata ruwan resin, a ƙarfafa cikinta da faiba, a liƙe wajenta da filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, a goge. Masu ƙera sulken wasan Halo ne suka fi yaɗa ta. Tana da arha, amma tana cin makonni, kuma warin resin ba abin shaƙa ba ne a cikin ɗaki.

Abin da ya karɓe filin yanzu shi ne robar EVA, wato irin robar nan mai taushi da ake yin silifa da ƙasan takalma da tabarmar motsa jiki da ita. Ba ta da nauyi, tana yankuwa da reza, kuma idan aka hura mata zafi tana lanƙwasuwa ta zauna a yadda aka bar ta. Ana samunta da kauri daban-daban: milimita 2 domin ado, 5 zuwa 6 domin hula, 10 domin ƙirji da kafaɗa.

Aikin yana farawa ne da awo, kuma a nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. Dabarar da aka saba ita ce a naɗe hannu ko ƙirji da ledar rufe abinci, a bi ta da salatif, a zana layukan sulken a kai, a yanke a cire, a shimfiɗa a takarda. Wannan shi ne fatan. Amma dole a ƙara masa ɗan fili, domin kaurin robar yana cin wuri. Fatan da ya zauna daidai a takarda zai matse idan aka mayar da shi roba mai milimita 10. Idan hula ce, ba a naɗe fuska da leda, tef ɗin tela ake sa wa a auna kai.

Yanka yana son kaifi. EVA tana dakushe reza da wuri, kuma dakusasshiyar reza tana yaga baki ne maimakon ta yanka, sai haɗin ya fito da giɓi. Inda ake son kusurwa, a karkace ake yanka bakin kowane yanki, yadda idan sun haɗu za su tashi da tsini. Wajen mannawa kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai haɗa takalma ya ga yadda yake shafa gam a gefe biyu, ya ajiye su sha iska har su daina kama yatsa, sannan ya haɗa ya danne, to ya riga ya ga yadda ake yi. Gam ɗin iri ɗaya ne. Wanda ya yi gaggawar haɗawa tun gam yana da danshi, haɗin zai buɗe masa ne a tsakiyar taro.

Saura fenti. Jikin EVA cike yake da ƙananan ƙofofi masu shanye fenti, don haka sai an bi ta da na'urar hura zafi ƙofofin sun rufe, sannan a shafa farin gam na kafinta sau uku ko huɗu, ko a fesa mata rufin roba irin su Plasti Dip. Bayan fenti ya bushe sai a tsufar da shi da gangan: a shafa baƙin fenti mai ruwa-ruwa a goge ya maƙale a lunguna, a ɗan taɓa gefuna da ruwan azurfa kamar ƙarfe ya ƙuje. Wannan mataki na ƙarshe ne ke sa ido ya yarda cewa robar silifa ƙarfe ce.

Abin da firintar 3D ke yi, da wanda ba ta yi

Farashin firintar 3D ya faɗi ne bayan abubuwa biyu: aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, wanda ya saki zanen na'urar kyauta, da kuma ƙarewar wa'adin haƙƙin mallakar wannan fasaha da kamfanin Stratasys ke riƙe da shi a 2009. Na'urar tana narkar da zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta riƙa ɗora shi layi kan layi, kowane layi kamar milimita 0.2. Zanen hula ana samunsa a shafuka irin su Thingiverse, ko mutum ya zana nasa da manhajar Blender wadda kyauta ce.

Masu talla sukan nuna kamar danna maɓalli ne kawai. Ba haka ba ne. Ƙaramar firinta irin Ender 3 faɗin wurin aikinta milimita 220 ne a kowane gefe, tsayi 250, kuma yawancin hulunan manya ba sa shiga ciki, sai an rarraba su an manna daga baya. Hula ɗaya tana iya cinye kusan kilo guda na zare, ta kuma ɗauki kwana ɗaya zuwa uku na'ura tana aiki ba tsayawa. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan babbar magana ce. Wasu na'urorin suna iya ci gaba daga inda suka tsaya, amma idan farantin ya huce aikin kan saki daga mazauninsa, kuma wurin da aka tsaya yakan bar tabo. Bugawa yanki-yanki ta fi aminci, ko da inbata a gida.

Sai zaɓin zare. PLA ya fi sauƙin bugawa, shi ya sa masu koyo ke fara wa da shi, amma yana fara laushi ne a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. Cikin motar da aka rufe a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai yana iya kai wa nan, kuma hular da aka yi wata guda ana gogewa za ta lotse cikin yini ɗaya. PETG yana jurewa har wajen digiri 80, ABS kuma ya haura 100, sai dai yana da wuyar bugawa kuma yana fitar da wari. Ga mai zaune a ƙasa mai zafi, PETG ne zaɓin hankali.

Abin da ke fitowa daga na'urar kuma ba hula ba ce tukuna, abu ne mai zane-zanen layuka kamar sussukakken masara. Sai an bi shi da samfefa mai kaushi, a fesa fenti mai cike ramuka, a sake gogewa da mai laushi, a maimaita har yatsa ya daina jin layi. Yawancin lokacin aikin a nan yake tafiya. Ƙurar gogewa da tururin gam da na feshi duk suna cutar da huhu; a fili ake yi, da takunkumi mai matatar sinadari, domin na yadi ba ya tare tururi.

Wuta, batir da zufa

Idanu masu haske da ƙirjin Iron Man da ƙwayayen LED ake yin su. Waɗanda aka fi so su ne WS2812B, domin kowane ƙwai ana iya ba shi nasa launi ta waya ɗaya daga ƙaramin allo irin Arduino Nano, kuma da bolt 5 suke aiki, wato fawa bank na waya ya isa. Lissafin yana da sauƙi amma ana yawan tsallake shi. Kowane ƙwai yana jan kusan miliamfiya 60 idan ya ba da fari da cikakken haske, don haka guda 30 za su ja amfiya 1.8. Fawa bank mai lamba 10,000 ba ya ba da dukkan wannan adadi a bolt 5, kusan kashi biyu cikin uku yake bayarwa, wato awa uku da ɗoriya. Rage hasken zuwa rabi daga cikin manhaja yana kusan ninka lokacin, kuma a cikin zaure da wuya ido ya lura. Batirin litiyam a ɗamara ake ajiye shi, ba a cikin hula kusa da kai ba.

Mafi amfanin kayan lantarki a cikin hula ba fitila ba ce, ƙaramar fanka ce irin ta kwamfuta. EVA ba ta barin iska ta wuce, gilashin ido yana yin hazo da numfashi, mutum kuma ba ya ganin ƙafarsa. Shi ya sa gogaggu ba sa fita sai da ɗan rakiya marar sulke, mai riƙe ruwa yana nuna musu matakala. A taron Lagos Comic Con da ake yi a Legas tun 2012, inda ake gasar irin wannan shiga, zafi da laima suna cikin abin da mai sulke ke lissafawa tun wajen yanka fatan.

Inda doka ke shigowa

Ƙera wa kai daban, sayarwa daban. Lokacin da Ainsworth ya fara sayar da hulunan da ya zuba, Lucasfilm ya kai shi ƙara, wata kotu a Amurka ta yanke masa biyan dala miliyan 20 a 2006. A 2011 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce hular kayan aikin fim ce ba sassaƙen fasaha ba, don haka kariyarta a can ta riga ta ƙare, amma hakan bai ba shi damar sayarwa a Amurka ba.

Abin da ya fi shafar mai ƙera kaya a gida shi ne bindiga. Ta sojojin Star Wars daga bindigar gaske aka gyara ta, wato Sterling ta sojojin Birtaniya, don haka kwafinta na roba ma kamar ta gaske yake daga nesa. Manyan taruka suna duba kowane makamin wasa a ƙofa su ɗaura masa alama. A Najeriya, inda doka ta hana farar hula sanya kakin soja, kuma rufaffiyar fuska kaɗai ta isa ta tada hankalin unguwa, a jaka ake ɗaukar kayan sai an shiga zaure. Ko a Kanada, ranar 4 ga Mayun 2020, 'yan sanda a birnin Lethbridge sun ɗora bindigogi a kan wata budurwa ma'aikaciyar gidan abinci da ke tsaye a ƙofar shagon cikin farin sulke da bindigar roba tana tallata wurin, bayan wasu sun buga waya sun ce sun ga mai makami. Aka sa ta kwanta a ƙasa, aka sa mata ankwa, ta fasa hanci, daga baya aka sake ta ba tare da tuhuma ba.