Aikin Sa-kai a Rumbun Al'umma da Amfaninsa ga Mai Yin Sa

Sa-kai harɗaɗɗiyar kalma ce da aka gina daga aikatau "sa" da suna "kai", wato mutum ya shigar da kansa cikin aiki ba tare da tilas ba, kuma ba don a biya shi ba. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa ma'anar kalmar ta ƙuntata a bakin mutanen Zamfara da Sakkwato da Kebbi, domin da an ce 'yan sa-kai hankali yakan tafi ga masu tsaron gari da makami. A wannan darasi ma'anar asali ake nufi. Shi kuwa rumbun al'umma, duk wani wuri ne da jama'a ke tara abinci don raba wa mabukata. A Amurka da Ingila ɗakuna ne da ake jera abincin gwangwani. A ƙasar Hausa kuwa ya fi zuwa ta sigar zakkar hatsi da fidda-kai da ciyarwar azumi, sai kuma bankunan hatsi da suka yaɗu a ƙauyukan Nijar bayan farin shekarun 1970.

Mu ɗauki Ambursa, garin da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, kusa da fadamar Gulbin Rima. Yanki ne na shinkafa, har ma a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015. Amma yawan noma ba ya hana yunwa shiga wasu gidaje. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a fadamun jihar, kuma ko a shekarar albarka, daga Yuli zuwa Agusta rumbun ƙaramin manomi yakan ƙare kafin gero ya nuna. Gwauruwa mai marayu da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare su ke fara jin jiki. Amfanin da suke samu a bayyane yake. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne ribar wanda ya auna hatsin, ya ɗauka, ya kai.

Da farko, aikin makaranta ce ta lissafi. Nisabin zakkar hatsi sa'i 300 ne, wato mudun Annabi 1,200. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da wahala kuwa ɗaya bisa ashirin. Saboda haka manomin da ya samu buhu 100 na shanshera da damina zai fitar da buhu 10, maƙwabcinsa da ya yi noman rani da injin ban-ruwa zai fitar da 5. Matashin da ya zauna da tiya da littafi yana raba wannan ga gidaje, wani mai mutum uku, wani mai goma sha biyu, ya riga ya fahimci kason lissafi fiye da yadda allo zai koya masa. Alƙur'ani ya sanya ma'aikatan zakka cikin rukunai takwas da ke da rabo a cikinta. Ɗan sa-kai yana yin aikinsu, ya bar rabon.

Babbar riba, a ganina, ita ce sanin mutane. Bahaushe yana fifita rufin asiri a kan cikar ciki, don haka mafi bukata sau da yawa ba ya zuwa layi. Sai an bi ta hannun limami ko mai unguwa ko wata dattijuwa, a kai masa bayan isha'i, a ajiye a zaure, a tafi. Wanda ya saba da wannan ya koyi gane bukata ba tare da an furta ba, ya kuma koyi riƙe baki. Shi ya sa nake ƙyamar rabon da ake jera talakawa a rana ana ɗaukar su hoto don a watsa a Facebook: an ba su shinkafa, an karɓe abin da ya fi ta tsada.

Wannan ilimi yana bin malami har cikin aji. Yaron da ke gyangyaɗi da ƙarfe goma na safe, malamin da bai san gidansu ba zai kira shi malalaci, ya ɗauko bulala. Wanda ya taɓa kai hatsi gidan ya san ba a hura wuta ba tun jiya. Kuma iyayen da suka ga amanarsa a kan tiyar gero ba sa jinkirin ba shi amanar 'ya'yansu, musamman mata.

Aikin yana da nauyi. Akwai dako, akwai faɗa da ƙwari da gara da ɓera, akwai zargin son kai daga wanda rabo bai kai gare shi ba. Maganin zargin shi ne a rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, kada kuma a buɗe rumbu sai gaban mutum biyu ko uku.