Ƙafa Ɗaya Ta Kumbura Bayan Doguwar Tafiya? Kada a Kai Ta Wajen Wanzami

Daga Agadas zuwa Tamanrasset tafiyar kusan kilomita 900 ce, a bi ta Arlit da Asamaka da In Guezzam. Wanda zai zarce zuwa ƙauyukan kan dutse irin su Mertoutek, a cikin duwatsun Tefedest, yana da sauran doguwar tafiya a gabansa, arewa da Tamanrasset. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da Tawa da ke zuwa Aljeriya ci-rani sun san yadda ake wannan tafiya: a bayan Hilux ko a kan babbar mota, mutum a takure tsakanin buhu da jarka, gwiwa a naɗe, ba damar miƙe ƙafa sai direba ya ga dama. Ruwa kuma ana tattalinsa, wasu ma da gangan suke ƙin sha don kada fitsari ya matsa musu.

Kowa ya sauka daga irin wannan mota ƙafafunsa za su yi nauyi, idon sawu ya ɗan tasa. Idan duka biyun ne, kuma suka sace bayan an kwana an miƙe, yawanci gajiya ce. Wadda ake tsoro ita ce ƙafa ɗaya tak da ta fi 'yar'uwarta girma, sharaɓa ta yi tauri tana zogi, fata ta yi ɗumi ko launinta ya sauya. Tana iya bayyana a ranar, tana iya jira sai bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da mutum ya manta da tafiyar ya kama aikin gini ko lambu. Wannan ƙafa, sai likita ya tabbatar da akasin haka, a ɗauka gudan jini ne ya toshe babbar jijiyar da ke can cikin tsoka.

Zuciya ce ke tura jini zuwa ƙafa, amma dawowarsa sama aikin tsokar sharaɓa ne. Duk takun da mutum ya yi, tsokar tana matse jijiya ta ɗaga jinin, wasu 'yan marafai da ke cikin jijiyar kuma su hana shi komowa ƙasa. In aka zauna awa da awanni ba motsi, jini ya kwanta. In aka haɗa da ƙishirwar Sahara, ya ƙara kauri, kamar kunun da aka bari a kwano ya huce. Likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, tun ƙarni na 19 ya yi bayanin yadda gudan da ya taru a ƙafa ke ɓallewa ya tafi huhu. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincikenta cewa zaman da ya wuce awa 4 a jirgi ko mota ko bas yana ninka haɗarin sau biyu. Mai kujera ke nan, balle wanda ya kwana biyu a kan lodi.

Ɓallewar gudan nan ita ce ke kisa. Mutum yana zaune lafiya sai numfashi ya sarƙe, ƙirji ya soke shi, zuciya ta riƙa bugu da sauri, wani ya yi tari da jini, wani ya yanke jiki ya faɗi. Sau da yawa a nan ake cewa iska ce ta buge shi a hanya, ko an yi masa jifa. Duk wanda ya ga haka ga mutumin da ƙafarsa ta kumbura, ya nemi mota a take.

Abin da ke damuna shi ne irin taimakon da muka saba yi wa juna, don a wannan ciwon yana iya cutarwa. Abokin ɗaki zai ɗauko man zafi ya ce, "Kawo in murza maka, jijiya ce ta hau kan jijiya." Murzar nan tana iya tunkuɗa gudan ya kama hanyar huhu. Wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Wanzami yana da gwanintarsa, ba raina shi nake ba, amma jinin da ƙaho ke ja na saman fata ne, gudan kuwa yana can ƙarƙashin tsoka inda aska ba ta isa. Abin da za a samu ƙari shi ne tsaga a kan kumburarriyar ƙafa, wadda ba ta saurin warkewa, har ta zama gyambo.

A asibiti ana ɗora na'urar ɗaukar hoto a kan cinya da bayan gwiwa, irin wadda ake duba cikin mai juna biyu da ita, a ga ko jini na wucewa. In an tarar da gudan, sai a fara allura ko ƙwayar tsinka jini, a sha aƙalla wata 3. Kada a daina don kumburi ya sace, kada kuma a saya a kasuwa a sha da ka, domin maganin da ke hana jini daskarewa yana iya sa zubar jini. Na san tsoron tambayar takardu yana hana baƙi da yawa kusantar asibiti, ga nisa ga mutumin ƙauyen dutse. Nisan ma shi ne dalilin da zai sa a kama hanyar Tamanrasset tun ciwon yana ƙafa, kafin ya hau ƙirji.

Wasu sun fi wasu shiga haɗari: mai ciki, mai jego har ta yi arba'in da ɗoriya, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, mai sikila, mai ƙiba, wanda aka yi wa tiyata ko ɗori kwanan nan, da wanda ya taɓa yin ciwon. Irin waɗannan su ga likita kafin su hau mota.

A kan hanya, ko ba wurin miƙewa, a riƙa ɗaga yatsun ƙafa sama ana danna su ƙasa, ana juya idon sawu, sau da yawa cikin kowace awa. Duk inda aka tsaya salla ko shayi, a sauko a taka, kada a ce ana tsaron wurin zama. A sha ruwa kafin ƙishirwa ta yi tsanani, a sassauta duk abin da ya ɗaure cinya ko gwiwa.

Akwai kuma wata toshewar daban, ta jijiyar da ke kai jini ƙafa. Ita ba kumburi take kawowa ba: ƙafa ce za ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, ta ɗashe, ta yi azabar ciwo ko ta mutu. An fi ganinta ga masu shan taba da masu ciwon suga ko na zuciya. A daren hunturu na ƙauyukan kan dutse, sai a zaci sanyin gari ne a kara ta a wuta. Kada a gasa ta. A lulluɓe ta da zane a nufi asibiti, don bayan kimanin awa 6 ba jini, naman ƙafar yakan fara mutuwa.