Ko Kun Sani? A Tanis Mai Maki Da Yawa Na Iya Shan Kaye

A wasan ƙarshe na gasar Wimbledon ta 2019 a Landan, Roger Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic ya ci 204, amma Djokovic ne ya ɗaga kofi. Ko a ƙananan wasannin da ke cikin kowane turmi, Federer ne a gaba, 36 da 32. Bugun farko da abokin karawa bai ko taɓa ƙwallon ba kuwa, Federer ya yi 25, Djokovic 10 kacal. Har sau biyu Federer ya kai ga maki ɗaya tal ya rage masa ya lashe gasar, duka biyun suka kuɓuce masa.

Sirrin yana cikin lissafi. A tanis turmi ake ƙirgawa, kuma makin da ka tara a turmin da ya wuce ba ya bin ka zuwa na gaba. Federer ya yi wa Djokovic kaca-kaca a turmi na biyu da 6-1, ya kuma ci na huɗu da 6-4. Sauran ukun duk sai da aka kai ga bugun raba gardama, kuma duk ukun Djokovic ne ya cinye: 7-6, 7-6, sai 13-12 a na ƙarshe, bayan awa 4 da minti 57 ana fafatawa.