Kifin Koi Nawa Tafkin Cikin Gida Zai Iya Ɗauka?

Koi kifin ado ne mai launuka daban-daban, wanda manoman shinkafa na lardin Niigata a ƙasar Japan suka fara kiwonsa a ƙarni na 19. Ana sayar da shi tun yana ƙarami, amma yakan girma ya kai santimita 60 zuwa 90, ya kuma rayu fiye da shekara 20. Saboda haka girman da kifin zai kai nan gaba ake dubawa wajen lissafi.

Ƙa'idar da masu kiwonsa suka fi bi ita ce a ware wa kowane babban kifi ruwa kimanin lita 1,000, zurfin tafkin kuma kada ya gaza mita 1. Domin gano yawan ruwan, sai a ninka tsawo da faɗi da zurfi a ma'aunin mita, sannan a ninka da 1,000. Alal misali, tafki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2 da zurfin mita 1 yana ɗaukar lita 6,000, wato kifaye shida ke nan.

Dalilin wannan iyaka shi ne, kifin yana fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne a gare shi. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin na'urar tace ruwa su ke sarrafa amoniyar ta koma sinadari mai sauƙin illa. Idan kifaye sun fi ƙarfin na'urar, gubar takan taru, cututtuka su biyo baya.

A Najeriya, zafi na ƙara matse lissafin. Ruwa mai ɗumin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas yana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9 a kowace lita, amma a digiri 30 takan ragu zuwa kusan 7.5. Sa'annan koi ba kamar tarwaɗa ba ne, wadda ke iya shaƙar iska kai tsaye ta jure cunkoso. Idan aka ɗauke wutar lantarki da dare, injin hura iska ya tsaya, tafkin da ya cika maƙil zai iya yin asarar kifayensa kafin gari ya waye.

Don haka ya fi dacewa a zuba ƙasa da adadin da lissafi ya bayar, a yi wa tafkin inuwa, a kuma tanadi wata hanyar samun wuta. Ganin kifaye sun taso saman ruwa suna haki da asuba alama ce ta ƙarancin iska, kuma cunkoso na daga cikin abubuwan da ya kamata a fara bincikawa.