Kujerun Ƙarfe Na Waje: Yadda Ake Zaɓarsu Da Yadda Ake Kula Da Su

Masu otal-otal, da gidajen sayar da abinci, da wuraren shaƙatawa, da kuma masu ba da hayar kujeru a wuraren biki, suna kashe kuɗi masu yawa wajen sayen kujerun ƙarfe masu hannu da ake ajiyewa a sarari. Irin wannan kujera jari ce: idan ta samu kulawa takan yi shekaru da dama tana aiki, idan kuwa aka yi sakaci da ita, tsatsa kan cinye ƙafafunta cikin 'yan damuna kaɗan.

Ƙera kujerun ƙarfe bisa zane na musamman ya samo asali ne daga ƙasashen Turai. A shekarar 1925 Marcel Breuer na makarantar Bauhaus da ke Jamus ya ƙera kujera da bututun ƙarfe da aka lanƙwasa. A Faransa kuwa, Xavier Pauchard na garin Autun ya yi rajistar sunan Tolix a 1927, sannan a 1934 ya fito da kujerar da ta shahara a shagunan shan gahawa, saboda ana iya ɗora ɗaya bisa ɗaya, kuma tana da 'yan huji a mazauninta domin ruwan sama ya tsiyaye. Kazalika a 1952 Harry Bertoia ya zana wa kamfanin Knoll na Amurka kujerun da aka saƙa da sandunan ƙarfe sirara. Har yanzu ana sayar da waɗannan samfurori, ana kuma kwaikwayonsu a ƙasashe da yawa, don haka farashi da inganci suka bambanta ƙwarai.

Babban abokin gabar ƙarfe shi ne tsatsa, wadda ke samuwa idan ruwa da iska suka haɗu a jikinsa, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Hanyoyi uku ne masana'antu suka fi bi wajen kare shi. Ta farko ita ce tsoma ƙarfen cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450, kamar yadda ake yi wa kwanon rufi. Tutiyar ce ke fara lalacewa kafin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ta biyu ita ce fesa garin fenti, a gasa shi a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200 har ya narke ya zama ɓawo mai tauri. Ta uku ita ce amfani da farin ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913, wanda kuma ke ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100.

Shi ma farin ƙarfen aji-aji ne. Mai lamba 304 ya wadatar a garuruwan da ke nesa da teku, kamar Abuja da Kaduna da Jos. Amma a Legas da Fatakwal, inda laima ta yi yawa kuma iska ke ɗauko gishiri daga teku, mai lamba 316 ya fi dacewa, domin an ƙara masa sinadarin molibdinam da ke rage cin gishiri. Akwai kuma mai lamba 201, wanda ya fi araha amma ya fi saurin yin tabo. Gwajin maganaɗisu da wasu masu saye ke dogara da shi ba ya bambanta waɗannan ukun, saboda haka ya kamata a nemi dillali ya rubuta lambar ƙarfen a cikin rasit.

Kafin a biya kuɗi, a duba wuraren walda, domin nan ne tsatsa ta fi farawa. A kifa kujerar a ga ko fenti ya rufe ƙarƙashinta, ko ƙafafun suna da takalmin roba, ko kuma akwai hanyar da ruwa zai fita daga cikin bututun. Wanda ya ba masu walda na gida aiki, kamar na kasuwar Panteka da ke Kaduna, ya sharɗanta musu goge ƙarfen sarai da shafa jan fentin hana tsatsa kafin fenti na ƙarshe.

Dangane da kulawa, wanki da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi ya isa, a ɗauraye, sannan a goge ta bushe. A guji bilic, domin yana ɓata ko da farin ƙarfe ne, a kuma guji soson ƙarfe, wanda ke kankare fenti ya bar ɓurɓushin da zai yi tsatsa. A bakin teku da gefen wurin ninƙaya, ya kamata a riƙa ɗauraye kujeru da ruwa mai tsabta a kai a kai.

Kowane yanayi da irin matsalarsa. Da hunturu, a wanke ƙura da ruwa maimakon gogewa a bushe, saboda ƙurar kan karce fenti. Da bazara, rana kan kashe launi ta kuma zafafa ƙarfen, don haka inuwa ko rumfa tana da amfani. Da damina, a ɗebe matasan zama a kai su ɗaki, a jingine kujerun yadda ruwa ba zai kwanta a kansu ba, kada kuma a bar ƙafafunsu cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɗaure kujera tam da leda kuskure ne, domin gumi kan taru a ciki. Murfin da iska ke ratsawa ya fi.

Da zarar an ga fenti ya ɓantale, a goge wurin da samfefa har ƙarfen ya yi haske, a shafa fentin hana tsatsa, a bi shi da fenti mai launin kujerar. A ƙara ɗaure noti da kusoshi sau ɗaya ko biyu a shekara, musamman ga masu haya da ke yawan lodi da sauke kaya.

Lissafin da ya kamaci ɗan kasuwa shi ne raba kuɗin kujera da na gyaranta bisa yawan shekarun da za ta yi tana aiki. Ta wannan ma'auni, sau da yawa mai tsada da aka kare da tutiya takan fi mai araha riba, kamar yadda Hausawa ke cewa, araha ba ta ado.